Tabarau ɗin da Na Shanya wa Rana

Nagat maƙwabciyarmu ce ke rubuta maka wannan, ni ina faɗa. Rubuta yadda na faɗa, Nagat, kada ki gyara mini baki.

Ya Abu Sabri, hasken idona, inuwar dabinona, ruwan tuluna na tsakar rana! Yaya ƙafar? An ce ka fara takawa da sanda. Alhamdu lillahi. To albishirinka, ban makance ba!

Ai ba ka ma san na tsorata ba, don na hana a gaya maka. Tun da ɗanmu Sabri ya ɗauke ka zuwa asibitin Alƙahira idanuna suka tasa ni gaba. In na fito bakin tafki da hantsi, sai ruwan nan ya zama fari fat, kamar an watsa mini gishiri a ido, hawaye shaaa. Na ce shi ke nan, yanar da aka cire mini ta dawo. Da autarmu Wafa ta zo ta gan ni haka, da kunnena na ji ta a waya da yayanta: wai in Mama ba ta gani, wa zai kula da Baba? Wai kai ka zauna can wurin Sabri, ni in koma gidanta a garin Bani Suwaif. A raba mu, Abu Sabri! Kamar kayan gado, alhali muna numfashi! Wa zai san yadda kake son wakenka da safe? Wa zai yi mini minsharin da na saba barci da shi?

Ka tuna ranar da ka saya mini tabarau bayan aikin ido? Mai launin shayi. Ka ɗora mini shi da hannunka mai ƙarnin kifi, ka ce na koma 'yar fim, na ce tsohon nan ba shi da kunya. To abin da ya fito daga hannunka zan bar shi da datti? Kullum da azahar in zan shiga ɗaki sai in wanke shi, in shanya a kan katanga tare da barguna da barkono, rana ta tsarkake shi. Uwata ma komai nata sai ya sha rana.

Jiya Nagat ta ja ni birnin Fayyum da ƙarfin tsiya. Likita ya haska idona ya ce garau suke, ya tura mu wurin Usta Girgis mai tabarau. Mutumin ya ɗaga shi sama ya ce, Hajiya, a tanda kike ajiye shi? Ashe ba gilashi ba ne, roba ce aka rina, rana kuwa shan rini take yi, yadda take koɗar da labulen taga, kaɗan-kaɗan har ban lura ba. Ya daina tare mini haske, shi ne fa duk ciwon! Daina dariya, Nagat, ke da kike shanya haƙoran robar mijinki.

Sai ya ɓalle idon tabarau ɗaya daga ƙarfen ya ɗora mini a tafin hannu. Tsakiyar ta koɗe, kamar ruwan wankin kofi. Amma gefen nan da ƙarfe ya rufe, wani siririn zobe, yana nan da launinsa, sak shayin ranar da ka saya. Wallahi kuka na fashe da shi a shagon mutane.

Ba mu ke nan ba, rabin raina? Rana ta cinye baƙin gashinmu, ta cinye fentin kwalekwalenka, ta yamutsa fuskar da ka taɓa tsayawa kallo a bakin rijiya. Amma akwai inda ba ta taɓa leƙawa ba, can kake zaune, launinka bai motsa ba.

An yi mini sabo, an ce in riƙa ajiye shi a inuwa. Tsohon idon kuwa na ƙulle shi a bakin mayafina, sai ka zo ka gani.

Ka dawo gida. Ka gaya wa Sabri da bakinka cewa uwarsa tana gani, har zare na sa a allura yau. Ni zan zama ƙafarka. Zan tsaya a ƙofa, zan gane ka tun daga kwanar masallaci, ko da sanda, ko a goye. Taka ce ni, Ummu Sabri, har ranar da za a rufe idanun nan, kuma da hannunka nake so.

Ya isa, Nagat. Na gaji. Rufe mini tagar nan.