Hantar da ta koma hagu

Litinin, 3 ga Maris

Saura kwana goma sha bakwai jarrabawar duba maras lafiya a gefen gado. Na faɗi sau ɗaya. In na sake, maimaita shekara ne, kuma ban san da wane baki zan gaya wa Baba ba.

Doguwa, wadda muke ɗaki ɗaya da ita, ta fita daga guruf ɗin ajinmu na waya. Wa ke fita daga guruf ana gab da jarrabawa? Sai wanda ya samu wani guruf a ɓoye.

Laraba, 5 ga Maris

Kullum ƙarfe shida da rabi ta fice, ta bar waya a kan gado. Ni za a yi wa wayo? Tana da ta biyu, na rantse.

Ni dai ina da bidiyoyin Sarkin Aji, wani ɗan ajinmu da ke turo su guruf. Minti biyu ya gama maka gwajin ciki tsaf. Na kalli na hanta ya fi sau talatin.

Asabar, 8 ga Maris

Ina gwadawa a kan filo Doguwa ta shigo. Wai, "Ke, wannan ai hagu kike dannawa." Na ce haka yake a bidiyo. Ta ce, "Zo mu je ki taɓa mutum mana." Na ce na gode.

So take ta rikita ni. Na lura da yadda ta yi murmushi.

Talata, 11 ga Maris

Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Babban likita ya ce in lalubo hantar wata tsohuwa a gado na tara. Na ɗumama hannu, na yi sallama, na shiga dannawa da ƙarfin gwiwata. Shiru. Sai tsohuwar ta kama hannuna ta mayar da shi ɗaya gefen, ta ce, "'Yata, sauran duk nan suke dannawa."

Likita ya cire tabarau ya ce, "Ke taki hantar a hagu take?" Har nas sai da ta juya baya tana dariya.

Wallahi na san hanta a dama take, tun shekarar farko. Hannuna ne bai sani ba.

Laraba, 12 ga Maris

Da gangan Sarkin Aji ya yi. Yana so ya rage mu.

Alhamis, 13 ga Maris

Na sake kallon bidiyon don in kama shi. Rubutun da ke aljihun rigarsa a juye yake, kamar a madubi. Da kyamarar gaba ya ɗauka, ita ta juya komai. Mutum tamanin da huɗu sun sa masa alamar zuciya, har da ni. Babu wanda ya ce uffan.

Ban ce wa Doguwa komai ba. Ita ma ba ta yi mini gori ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 15 ga Maris

Na bi ta da safe, don dai in ga wannan guruf na ɓoye. Ɗakin marasa lafiya na mata ne. Ta san sunan kowa, har da na masu jinya.

Wayata na bar ta a caji. Batirin ne ya yi ƙasa, ba wani abu ba.

Tsohuwar gado na tara ta gane ni, ta ɗage riga da kanta. Na ce ta ja numfashi. Wani abu mai tauri ya zo ya taɓa yatsuna, ya koma.

Ta ce, "Yauwa, yau kin same ta."

Gobe ma shida da rabi. Har yanzu dai ban yarda Doguwa ba ta da waya ta biyu ba.