Goron Bai Dawo Ba

Zuwa ga 'yata Rakiatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki kuna lafiya a can Bronx ta Amurka. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Zongo sai godiya. Gwiwata ce kawai ke min gardama da safe, in rana ta ɗaga sai mu shirya.

Shekarun baya wani direba a tashar Kejetia ta nan Kumasi ya taɓa ce min wai a Amurka samari kan tsaya gaban jama'a su yi ta zagin juna bisa kiɗa, a tashi ba wanda ya ɗaga hannu. Na ce masa da tatsuniya aka yaye ni, na san ƙanzon kurege in na ji shi.

To, makon jiya Mamuna mai waakye, shinkafa da waken nan, ta nuna min ɗanki Farouk a waya, shi da Nasrullah wan Salwa, mutane sun kewaye su. Farouk ya ce kan Nasrullah kamar doyar da ta kwana a mota. Nasrullah ya rama, wai kakan Farouk, ni ke nan, kan fita sallar azahar ya riski la'asar. Kin san wata guda ke nan da muka kai goron nema wa Farouk auren Salwa gidan kakanta, Alhaji Brimah. Na ce shi ke nan, goro zai dawo. Kwana biyu tuwo bai wuce min ba.

Ran Laraba na sa babbar riga na tafi gidan Alhaji Brimah ba da haƙuri, don durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ina shiga na tarar da 'yan banzan biyu suna cin abinci a kwano ɗaya, suna shirya zagin mako mai zuwa. Farouk ya ce min wasa ne, hip hop sunansa, kuma a unguwarku aka haife shi shekara hamsin da suka wuce, a wuraren casun samari baƙar fata. Daga nan ya zaga duniya, ya zo Ghana ya koyi Twi da Hausa. Na ce ashe gambara ce ta juya hula baya. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, biki na nan bayan babbar Sallah.

Ki gaida maigidanki Abdulnasir da jikata Fareeda. Gwaggonki Ayishatu da Barakatu suna gaishe ku.

Direban nan ya rasu ban nemi gafararsa ba, Allah Ya jiƙansa. Amma labarinsa ya sake iske ni, kusan kalma da kalma, daga bakin mutumin da ya rako ni ƙofa yana dariya, har ya amsa cewa shi ya ba Nasrullah zancen azahar da la'asar: Alhaji Brimah da kansa.

Mahaifinki,
Musah Bawah