Da'irar Mama a Shafi na Talatin da Uku

Litinin, 3 ga Fabrairu

Torbjörn ya sake ɗora min aikin da na tsana: takardar shirye-shiryen watanni uku masu zuwa. Shi ne shugaban laburaren unguwarmu, nasa dai ya ce a yi, ni Ylva in yi. Karatun yara ranar Asabar, koya wa tsofaffi latsa waya, zaman masu saƙa, musayar irin shuka a Afrilu. Sai zaman karatu na ranar Alhamis, wanda Mama ke jagoranta shekara ashirin da biyu ke nan. Ranar 21 ga wata za a kai wa masu bugawa. Na rubuta sunanta, "Jagora: Gunvor Hedlund", ko tunani ban yi ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Tsofaffinmu kowa da alamarsa. In mutum ya gama littafi sai ya yi 'yar alama da fensir a wani shafi, don kada ya sake ɗaukarsa bai sani ba. Wani ɗigo, wani harafin sunansa. Bakina har ya gaji da faɗa a kai, littafin jama'a ne, ba bangon ɗakin kowa ba. Ta Mama 'yar da'ira ce a ƙasan shafi na 33.

Yau ta dawo da littafin nan mai shuɗin bango, na 'yan'uwa mata biyu da suka gaji jirgin fito. Ta ce, "Ki ɗora shi a teburin shawarwari wasu ma su karanta, ya yi min daɗi ƙwarai." Bayan ta wuce na buɗe in ga ko ya yage.

Da'ira huɗu a jere. Duk hannunta ne.

Na rufe littafin da sauri.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na goge uku, na bar ɗaya. Saboda Solveig na yi. Matar nan ta zaman Alhamis ba abin da ke wuce idonta, kuma ta daɗe tana hangen kujerar Mama. Na bi kantar labarai littafi littafi kamar ɓarauniya. Na sami wasu guda biyu masu da'ira bibbiyu, su ma na goge.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na kira ƙanena Staffan. Wai, "Ke dai Ylva, in babu abin damuwa sai kin aro. Mama ta fi mu ƙwaƙwalwa ni da ke a haɗe." Yana da bakin magana, shi da ke ganinta sau biyu a shekara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na laɓe bayan kantar littattafan girki ina sauraron zamansu, wai ina jera kaya. Mutum tara, kofi da burodin kirfa. Mama ta fara lafiya lau, muryar nan tata ta tsohuwar malamar makaranta. Sai ta zo kan sunan babban mutumin labarin, ta tsaya. Shiru. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai ya kai shekara. Solveig ce ta faɗi sunan a hankali, ba ta ko ɗaga kai daga kofinta ba. Mama ta ce, "Shi fa," ta ci gaba.

Ban san abin da ya fi ci min rai ba, shirun ko taimakon Solveig.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Abincin rana a gidan Mama, dankali da kifi. Na yi kamar wasa na ce, "Mama, yau ma nawa ga wata?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Yau ce ranar da 'yata ta zama likita ban sani ba. Ci abincinki."

Kunya ta ishe ni. Amma ba ta faɗi kwanan watan ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Torbjörn ya leƙo: "Sunan Gunvor yana nan dai ko?" Na ce yana nan. Yau sau uku ina cire shi ina mayarwa. In na bari, wata rana za ta tsaya a gaban mutane ba wanda zai ceto ta. In na cire, me zan ce mata? Tun rasuwar Baba, ranar Alhamis kaɗai take shafa jan baki.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ta shigo da safe, ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi, ta nufi teburin shawarwari. Ta ɗauki mai shuɗin bangon. Ni da hannuna na ba ta aronsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ta zo saura rabin awa a fara zama. Ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta ajiye littafin a gabana a buɗe.

"Wa ya taɓa min shafina?"

Na ce wane shafi. Ƙarya ma ban iya ta ba.

"Ylva, fensirina yana nutsewa cikin takarda. Ga shatin nan, taɓa ki ji."

Na ce don kada mutane su gani ne, don kada a yi da ita. Ta bar ni na gama tsaf.

Sai ta ce, ƙasa ƙasa don akwai mutum a wurin jaridu, "Kina zaton ba na ganinsu? Duk lokacin da na kai shafin nan ina ganinsu, labarin ne kawai ba ya nan. Tun watan Oktoba na yi wa kaina alkawari: ranar da suka kai biyar a littafi ɗaya zan sauka da ƙafata, kafin a sauke ni. Da su nake auna kaina. Ke kuma kin bi kin goge min ma'aunin."

Ban iya kallonta ba.

"Nawa ne kafin ki goge?"

Da na ce biyu, da ta yarda. Wallahi da ta yarda, kuma kalmar tana bakina.

Na ce, "Huɗu, Mama."

Ta gyaɗa kai. "To wannan na biyar ke nan." Ta cire rigar, ta gyara gashinta, ta shiga ta jagoranci zaman har ƙarshe. Na ji suna dariya. Ni kuwa ɗakin ajiya na shige.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ta kira ƙarfe tara. "Ki sa Solveig. Surutu gare ta, amma tana karatu." Ashe tun kafin Kirsimeti ta roƙe ta ta riƙa tuna mata sunaye. Kowa ya sani sai ni mai goge-goge.

Na aika takardar.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi musayar aiki da Torbjörn, yanzu yammacin Alhamis ba ni kan teburin ba da aro. Ba wani abu ba ne, wani dai ya kamata ya kula da tukunyar kofin. Tun da ina ciki, na zauna. Mama tana gefena da jan bakinta, sau biyu tana gyara wa Solveig magana.

Mai shuɗin bangon na karanta shi a ƙarshen mako. Ba laifi. Na mayar da ukun da na goge, na bi shatin sannu a hankali. Ita ta riga ta ƙara ta biyar.

Akwai kuma wani ɗan Y, harafin sunana, a gefensu yanzu. Ƙarami ne, da kyar ake ganinsa.