Waƙar Malam Ta Sake Gona

Bunkure, daren Laraba, Maris 1986

Yau ana biki a maƙwabta. Ina ɗaki cikin takaba na jiyo Ɗanjuma mai kalangu yana waƙar da ya yi wa Malam shekarar da tumatir ya yi albarka. Ko baiti bai sauya ba, sunan Malam kawai ya cire, ya sa na Alhaji Bala da ya karɓi gonarmu.

Na jira kuka, bai zo ba.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, mawaƙi yana takaba ne? Waƙa ruwan kanal na noman rani ce, gonar wanda ya buɗe hanya take bi."

Haka ne. Amma duk inda ya ce Bala, sai na ji bakina yana mayar da sunan Malam a hankali, sunan da ban taɓa kira ba yana raye.