Ƙoren Inna Sun Shiga Murhu

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi?

Ƙoren nan masu zane da Inna ta bari a ɗakinta na Kurfi, matar Yaya Sani ta hura wuta da su, wai tarkacen ƙauye ne.

Jiya ta zo Dutsin-Ma, ta ga faya-fayan da na ɗinka na kafa a bango, ta roƙe ni in yi wa 'yarta na jeren aure. Na ce mata, "To, Hajiya." Wallahi ko kaba ba zan taɓa ba, sai dangin ango sun tarar da bango tsirara.

Ki gaida su Abba. Ki taya ni da addu'a, amma kada ki ce in yi haƙuri.

Ƙanwarki,
Hadiza