Ramin da Na Haƙa a Gangare

Litinin, 5 ga Mayu

Sabon manaja ya zo da sabon salo. Daga yau aikinmu na kula da filin golf ya rabu biyu: mu shigo da asuba mu yanke ciyawa kafin masu wasa su iso, a sallame mu da hantsi, mu dawo da yamma mu yi ban ruwa. Tsakanin nan ba a biya, wai hutunmu ne. Hutun me? Mota biyu nake hawa kafin in kai gida, in na je sai dai in leƙa in juyo. Haka muka wuni a sito kan buhunan taki, ni da abokin aikina Dogo, muna korar ƙuda. Albashi kuwa yana nan inda yake, ko motsi bai yi ba.

Dogo har ya raɗa wa mutumin suna, Agogo, don ba ya iya yi maka magana sai yana kallon tsintsiyar hannunsa.

Laraba, 7 ga Mayu

Maman yara ta samu aikin da ta daɗe tana nema, a kemis ɗin bakin titi, daga azahar zuwa dare. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta faɗi ko za ta iya. Rabon da in ga ta yi dariya irin ta yau har na manta. Sai da ta gama murna na gaya mata zancen sabon tsari, nan take fuskarta ta canza.

Baba ne matsalar, Allah Ya yafe min wannan kalma. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba a barinsa shi kaɗai, yara kuma ba su kai su ɗaga shi ba. Da can ina gida kafin azahar, da sai ta miƙa min shi ta tafi. Ta ce in je in yi wa manaja bayani, ai mutum ne. Na ce to.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ban yi masa maganar ba. Yana waya.

Talata, 13 ga Mayu

Na yi. Na tsaya a ƙofar ofishinsa, hula a hannu, takalmina duk laka, na ce a mayar da ni yinin da ba ya yankewa, ko da ni zan riƙa fara shigowa kafin kowa. Ya duba agogo. Ya ce gasar manyan kulob na nan tafe, in bari sai bayan ta. Har da cewa ciyawa ba ta san wani yana da uba ba. Ni kuma don wauta na yi murmushi, har da godiya. Godiyar me na yi? Tun daga ofis har sito ina zagin kaina.

Juma'a, 16 ga Mayu

Dogo da shawarar banza. Ni ne mai sauya ramuka: kullum da safe in toshe ramin jiya a kan tabarma, wato lallausar ciyawar nan da ƙwallo ke ƙarewa a kai, in haƙa sabo a wani gefen, in kafa tuta. Ƙa'idar ita ce a haƙa inda ƙasa ta kwanta, don ƙwallo ta tsaya. Shi ne Dogo ke cewa ranar gasa in dasa su duka a gangare, ƙwallon kowane mai kuɗi ta riƙa zuwa bakin rami tana dawowa ƙafarsa. In ransu ya ɓaci za su ci mutuncin Agogo, shi kuma dole ya zo ya ji abin da ke damunmu.

Na ce masa ni ba mahaukaci ba ne. Amma da yamma ina riƙe da tiyo na kama kaina ina auna gangaren tabarma ta bakwai da ido.

Laraba, 21 ga Mayu

Na dawo gida a gajiye, Baba ya kira ni da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, sai ka sunkuya. Ya ce ya ji komai, bango ba ya riƙe magana a gidan nan.

"Kar ku hana yarinyar nan aikinta saboda ni. Ku ajiye min ruwa kusa, ku ja ƙofa."

Na ce Allah Ya kiyaye. Na fita tsakar gida na tsaya, haushi kamar ya kashe ni, kuma ban san wa zan huce a kansa ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na aikata. Duk ramin da na haƙa yau a gangare yake, na bakwai ma a kan ƙoƙon tudu na sa shi. Muka laɓe bayan bishiyoyi muna kallo. Wani mai tumbi ya buga, ƙwallo ta je ta leƙa ramin ta gangaro ta wuce shi. Ya sake, ta sake. Dogo ya cusa hula a baki don kar a ji dariyarsa. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

To ashe mutanen nan wahala suke biya a ba su. Da aka tashi, shugaban kulob ya ce bai taɓa ganin gasa mai zafi da daɗi irin wannan ba, a gaban kowa ya kama hannun Agogo yana jinjina masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Agogo ya biyo ni har sito yana washe baki, wai na burge shi, daga yanzu haka yake so duk ƙarshen mako, kuma ba wanda zai taɓa ramukan sai ni. Na ce zancenmu fa? Ya ce yanzu da aka gane amfanina ai ba zai iya rasa ni da yamma ba.

Dogo bai yarda mun haɗa ido ba har muka tashi.

Alhamis, 29 ga Mayu

Maman yara ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tana ninke kayan Baba ta ce gobe za ta je ta gaya wa mai kemis ya nemi wata. Ta ce ba komai, ba rabonta ba ne. Rigar da ta ɗinka don aikin na gani ta mayar ƙasan akwati. Shekara nawa matar nan tana juya ubana, tana wanke shi, ko tsaki ban taɓa ji ba. Ni kuwa ina can ina lallashin ciyawa.

Na ce kar ta je gobe. Ta ce sai yaushe? Na ce ta dai bari.

Litinin, 2 ga Yuni

Maman yara ta fara aiki yau. Ranar Juma'a ni na biya kemis ɗin na ce tana zuwa, ban gaya wa kowa ba sai da na dawo.

Da hantsi na wanke inji, na rataye tiyo, na ce wa Agogo na tafi sai gobe da asuba. Ya ce ban ruwan yamma fa? Na ce ya sa wani. Ya ce in na fita ƙofar nan in san abin da na yi. Na fita. Wayata ta yi ta ƙara a mota har na kashe ta.

Ba wai na bar aikin ba ne. Gobe zan je, in mai gadi ya buɗe min. In bai buɗe ba, ban san me za mu ci ba, albashinta kaɗai ba zai riƙe gidan nan ba.

Da rana ta yi sanyi Baba ya dube ni ya dubi ƙofa, ya ce ba na komawa? Na ce yau a'a. Bai tambayi dalili ba. Ya shafa haɓarsa, duk gemu ya cukurkuɗe, ban ma lura ya kai haka ba. Na ɗauko almakashi da ruwan ɗumi, na jingina shi da filo na fara rage masa. Ina cikin yi ya riƙe min hannu.

"A hankali, ɗan nan. Ba mai jiranka."