Tarwaɗar Kawu Ba Za Ta Shiga Ba

Lahadi, 9 ga Sha'aban, bayan isha'i

Yau na kwashe jajayen kifayena biyu daga kwalba zuwa babban akwatin gilashin da na sayo a Kano. Sai zagaye suke kamar awakin da aka saki bayan girbi.

Da la'asar Kawu Sale ya shigo da 'yar tarwaɗa a gwangwani, wai daga kududdufin bayan gari.

"Ga 'yar'uwa na kawo musu, Hadiza. Ko a rijiya ita ake sakawa ta gyara ruwa."

Na durƙusa na yi godiya, na ce, "Kawu, wannan in ta girma haɗiye su za ta yi."

Ya ɗaure fuska ya fice. Inna ta ce na kunyata ta a gaban yayanta, kifi ai kifi ne, in saka kawai a zauna lafiya.

Ban saka ba, kuma wallahi ba zan saka ba. Ni na raine su tun suna kamar ƙwayar gyaɗa. Ƙananan kifayen nan masu wutsiya kamar gyale zan sayo musu, waɗanda ba sa cin kowa.

Gobe zan je in ba Kawu haƙuri har ƙasa. Amma tarwaɗarsa rijiya za ta, tunda shi ya ce can aikinta yake.